Damagaram: abin gani, abin ci da masauki a tsohon babban birnin Nijar

Kafin Yamai ta zama babban birnin Nijar, daga Zinder, wato Damagaram, ake mulkin ƙasar. Tun daga 1911 har zuwa 1926 a nan hukumar Faransa take zaune, daga nan umarni yake fita zuwa Agadas da Bilma da bakin Tafkin Chadi. Tsakanin Kano da wannan gari bai wuce kilomita 240 ba, amma a cikin masu halin da suka san titunan Paris da Landan kamar tafin hannunsu, ƙalilan ne suka taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram. Masu zuwa akasari 'yan kasuwa ne da 'yan biki, su sauke kaya ko su kai amarya, su juya.

Wanda ya zo da niyyar kallo zai tarar da gari uku a haɗe: Birni, inda sarauta take, Zango, inda fatake suke sauka, da Sabon Gari, wanda ya tashi a tsakaninsu a zamanin Turawa. In baƙo ya riƙe wannan rabo, sauran abin da zai gani ba zai rikita shi ba.

Birni da fada

Gidan sarautar Damagaram ya kafu a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa can. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazauninsa. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya ɗaga ƙasar ta zama abin tsoro ga maƙwabta. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa maƙera suna zuba masa igwa a cikin gari. Ganuwar ta zube sai ɗan abin da ya rage nan da can, amma fada tana nan, kuma ba gidan tarihi ba ce da aka kulle. Sarki yana zaune a ciki, hakimai suna zuwa gaisuwa, masu rigimar gona ko gado suna zuwa neman sulhu, dogarai da jajayen riguna masu ratsin kore suna tsaye a ƙofa.

Saboda haka ba a faɗa mata kai tsaye. Baƙo zai yi sallama, ya gaida dogarai, ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi. In an ba da izini, a haɗa shi da mai yi masa jagora. Inda aka ce a tuɓe takalmi a tuɓe, kuma kafin a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum, a tambaye shi. In an gama, a ba jagora goronsa.

Daga fada sai a shiga lunguna da ƙafa, don mota ba ta da amfani a nan. Hanyoyin suna karkacewa ne a tsakanin manyan duwatsu, wani gidan ma da dutsen aka haɗa bangonsa. Abin da ya fi jan ido shi ne fuskar zaure. Magini yana ɗora laka a kan bango tun tana ɗanya, ya fitar da zane da hannu: dagi, takobi, allo, da'ira cikin da'ira, sannan a shafe, wani a bi da launi. A saman soro kuma zankwaye suna tsaye a kusurwoyi. Zanen shaida ne na arzikin mai gida, shi ya sa gidajen manyan fatake da 'yan sarki suka fi ado. Matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zauna a wannan gari daga Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853, yana jiran guzurin tafiyarsa ta Tumbuktu.

A kan dutse, inda ake hangen Birni daga sama, akwai sansanin da Faransawa suka gina. Labarinsa ya faro ne daga 1898, lokacin da aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, sarkin da Kanawa ba su manta da yaƙe-yaƙensa da Sarkin Kano Alu ba. A Yuli 1899 sojojin Faransa suka ci dakarun Damagaram a Tirmini, suka shiga gari, bayan 'yan makonni aka kashe sarkin. Wurin na soja ne, a kalle shi daga nesa, a bar waya a aljihu.

Zango da dalilin tashin hedkwata

Arewa da Birni akwai Zango. A nan ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamus yake yada kaya. Fata jemammiya, gashin jimina, hauren giwa da bayi su nufi arewa. Yadi, takarda, sukari da makamai su gangaro kudu. Attajirin da ya fi suna a ƙarshen wannan zamani shi ne Malam Yaro, wanda har yau sunansa bai ɓace a garin ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, ayarin Tarabulus ya yi ta raguwa har ya mutu.

A 1926 Gwamna Jules Brévié ya kwashe hedkwata zuwa Yamai. Dalilan sun haɗa da ƙarancin ruwa, da kuma yadda garin yake jingine da Kano, wadda ke hannun Ingila a lokacin, alhali Yamai tana bakin kogi, ta kuma fi kusa da tashar teku ta Dahome. Damagarawa sun daɗe suna jin zafin wannan. Sai dai abin ya zo da wata riba da ba wanda ya shirya ta: manyan ofisoshi da faffaɗan tituna da ke cinye tsoffin unguwanni a manyan birane duk can Yamai suka tafi, Birni ya tsira da lungunansa.

Kasuwa

Babbar kasuwar gari ita ce Kasuwar Dole, ranar cikarta Alhamis. Abin da Zinder ta yi suna a kai shi ne aikin fata. Majema suna jiƙa fatar akuya, su cire gashi, su jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, sannan ta isa hannun dukawa. Daga nan ake samun tumtum, takalma, jakunkuna, zabira, kuben wuƙa da kayan doki. Mai saye ya juya kayan ya duba bayan ɗinki, ya lanƙwasa fatar ya ga ko tana tsagewa, ya sunsuna. Fatar da aka jeme da kyau tana da laushi, ba ta wari.

Sauran kayan kasuwar suna nuna inda hanyoyin garin suka nufa: kantun gishiri da dabino daga Bilma, cuku daga makiyayan arewa, busasshen tattasai daga Difa, rake daga fadamun Matamaye. Mai sauran lokaci ya leƙa Mirya, kilomita 18 gabas da gari, ranar Lahadi, don tuluna da tukwane da kayan lambu a ƙarƙashin kukoki.

Inda baƙon Nijeriya yake yawan tuntuɓe shi ne lissafin kuɗi. A takarda sefa ake rubutawa, amma a baki da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tumtum ya ce “dala ɗari”, sefa 500 yake nufi. “Dala ashirin” sefa 100 ce, “jika” kuwa sefa 1,000. Tayi kuma dole ne. Ka taya, ya ce “albarka”, ka ƙara kaɗan, har ya ce “na sallama”. 'Yan canji suna karɓar naira, amma gara a tambayi farashin ranar a wuri biyu kafin a miƙa kuɗi.

Abin ci

Tsarabar Damagaram alkaki ce. Ana ɓarza alkama, a kwaɓa, a bar ta ta kwana, a murza da mai, a naɗe ta da yatsu, a soya, sannan a tsoma a zuma ko sukarin da aka dafa. Tana cikin garar amarya, tana kuma jure tafiya, shi ya sa ba a rasa ta a tasha. Bayanta sai kilishi: a shimfiɗe nama siriri a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a nuna masa wuta.

Da safe teburin mai shayi yana da dogon burodi irin na Faransa, wanda ya zama ɗan gari. Da rana fura da nono, ko dambu da zogale. Da dare tuwon gero da miyar kuka a gida, tsire da balangu da gasasshen zabo a bakin titi. Bayan isha'i samari suna zama a “fada”, wato majalisarsu ta ƙofar gida, ana dafa shayi a ƙaramar buta a kan gawayi, zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Baƙon da aka miƙa wa kofi ya karɓa, don a nan zai ji labarin garin na yau: rashin aikin yi, farashin gero, da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana. Wanda yake son sanin wannan ɓangare na rayuwar garin tun kafin ya zo, ya nemi fim ɗin “Zinder” na Aïcha Macky, 'yar garin, wanda ya fito a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara.

Masauki, hanya da lokaci

A da, falke yana sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Har yanzu yawancin baƙi a gidan dangi ko abokin ciniki suke sauka. Ga wanda ba shi da kowa akwai otal-otal da ƙananan gidajen baƙi, akasari a Sabon Gari. Garin ya samu gyaran tituna da gine-gine lokacin shirin Zinder Sabuwa, da ya karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018.

Kafin a biya kuɗin ɗaki, tambaya biyu ta fi ta farashi muhimmanci: akwai tankin ruwa, kuma akwai janareta ko sola? Garin yana zaune ne a kan dutse, rijiya ba ta ba da ruwan kirki, don haka daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, famfo yakan ɗauke, 'yan ga-ruwa da kurarsu ta jarkoki su zama abin nema. Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mai son ganin garin a cike kuwa ya zo da Sallah, ya ga hawan sarki da hawan ƙaho, inda mahauta suke tarar bijimi a gaban fada.

Daga Kano ana bi ta Kazaure da Daura, a ƙetare iyaka a Kongolam, a bi ta Matamaye. Ko kuma ta Ɓaɓura da Magarya. Daga Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce ta Doso, Birnin Ƙonni da Maraɗi, motocin safa suna yin ta kullum. Tun bayan juyin mulkin Yuli 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS, dokokin iyaka suna sauyawa, don haka a riƙe cikakkun takardu da katin rigakafi, a tambayi direbobin tasha halin da ake ciki, a yi tafiya da rana. A cikin gari kabu-kabu da adaidaita sun wadatar.

Abin da ke neman kuɓucewa

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya samu wannan matsayi a 2013, Zinder tana jira. Ginin ƙasa kuwa ba ya jira. Yana son yaɓe a kai a kai, in magada suka watse ko suka rasa hali, damina biyu ko uku ta isa ta kwantar da soro. Mai kuɗi kuma yakan rushe ya gina na siminti da kwano, wanda ya fi zafi, zanen kakansa ya tafi ke nan.

Tarihin yana rubuce. Marigayi André Salifou, ɗan garin da jami'ar Zinder take ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971. Abin da ya rage shi ne kuɗin da zai sa magini ya koya wa ɗansa zanen bango, baduku ya zauna a kan sana'arsa, mai tsohon gida ya ga amfanin gyara shi. Turawa masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa tun da tsaron Sahel ya taɓarɓare, kuma ba a san ranar dawowarsu ba. Baƙin da suka fi kusa su ne na Kano, Katsina, Daura, Haɗeja da Maraɗi, masu jin harshen garin ba tare da tafinta ba. In makarantu suka riƙa kawo ɗalibai, iyalai suka riƙa zuwa hutun kwana biyu, hukumar gari da fada suka horar da jagorori suka kuma tsayar da kuɗin shiga da za a riƙa zubawa a gyara, Birni zai iya riƙe kansa ko UNESCO ta amsa ko ba ta amsa ba.