Daga Konni zuwa Illela: Abin da ke hana shafukan labaran gida tsayawa a intanet

A yankin Birnin Konni, Malbaza da Illela na jihar Tahoua, labari ba ya ƙaranci: farashin albasar Galmi, hada-hadar kan iyaka da Najeriya, kamfanin siminti na Malbaza. Sai dai galibinsa a WhatsApp da Facebook yake yawo, bayan mako guda a neme shi a rasa. Wannan ne ke sa wasu matasa sha'awar buɗe shafi na kansu, kuma da yawa tun a matakin farko suke maƙalewa.

Manhajar da aka fi amfani da ita, WordPress, kyauta ce tun fitowarta a 2003. Amma ba ta aiki sai an tanadar mata PHP da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin dare da rana. Wanda ya yi hayar sabar mai rahusa yakan tarar da ita fanko. Idan ya bi tsohon darasi ya ce zai harhaɗa PHP da hannunsa, sai aikin ya tsaya a tsakiya, allo ya cika da saƙonnin kuskure, da Turanci, ga wanda ya yi boko da Faransanci.

Sau da yawa dalilin ƙarami ne. Ko dai an rasa wani ɓangare kamar libxml2-dev, ko ƙwaƙwalwar sabar ta yi kaɗan har tsarin ya kashe aikin da kansa. Kuskuren farko a jerin shi ne abin dubawa, sauran 'yan rakiya ne. Gaskiya ma, a Ubuntu ko Debian ba a buƙatar wannan wahala, domin umarnin apt yana sauke PHP a shirye.

Akwai kuma matsalar da masu rubuta darussan ba sa tunawa da ita. Idan layi ya yanke ko batir ya mutu, aikin da aka fara daga nesa yakan mutu tare da shi, sai in an buɗe shi cikin tmux ko screen. Mutanen yankin sun san wannan zafin: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ba ta maido ba sai a Maris ɗin 2024.

Ko an girka lafiya, da sauran rina a kaba. An daina kula da PHP 7.4 a Nuwamban 2022, kuma tsofaffin ƙarin manhajoji kan faɗi a kan PHP 8, shafi ya koma fari fat. Kunna WP_DEBUG a fayil ɗin wp-config.php ne ke tona inda cutar take.

Abin da ya fi shafar mai rubutun Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Rumbun da aka saita da latin1 bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, sai ya mayar da su alamar tambaya. Wasu kan haƙura su watsar da lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa. A ƙasar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Gyaran shi ne a zaɓi utf8mb4 tun ranar buɗe rumbun, domin rubutun da ya riga ya koma alamar tambaya sai an sake buga shi da hannu.