Neman Illa Tsakanin Matani da Bugu

Garin Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Arɗo Kola, ba shi da nisa da Jalingo, saboda haka malamin da ya shirya tambayoyin jarrabawa, da ɗalibin da yake rubuta kundinsa a Jami'ar Jihar Taraba wadda aka kafa a 2008, da mai wallafa ɗan littafin wa'azi, duk can suke dosa idan lokacin bugu ya yi. A wannan yanki kuwa, inda Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun Kona suke zaune kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa mutum yakan miƙa rubutunsa lafiya ƙalau, ya karɓo shi haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zama akwatuna, ko sakin layi guda ya yi ɓatan dabo, har ya ce na'ura ce ba ta jin Hausa, alhali kuwa illar tana da mazauni sananne wanda mai haƙuri zai iya isa gare shi.

Asalin mas'alar shi ne, akwai wata hanyar rubutu da marubuci ba ya ƙawata shafi da hannunsa, sai dai ya sa alamomi cikin matani yana cewa nan babi ne, nan fasali, nan hashiya, sa'an nan wata manhaja ta karanta alamomin ta fitar da shafi tsararre. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ta Amurka ya fitar da TeX a 1978 domin littattafan lissafi, Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa, aka tabbatar da ƙa'idar SGML a 1986, daga gare ta HTML da XML suka tsiro. Fa'idar hanyar babba ce, domin matani ɗaya yana iya fita littafi, ya kuma fita shafin intanet, ba tare da an sake rubuta shi ba.

Sai dai tsakanin alƙalamin marubuci da takardar ƙarshe akwai silsila ta masu karɓa da miƙawa, kuma kamar yadda malaman hadisi ba sa yanke hukunci a kan ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum sun gano inda rauni ya shiga, haka ya wajaba mai gyara ya bi wannan silsila daki-daki, tun daga yadda aka adana haruffa, zuwa alamomin tsari, zuwa samfurin haruffan da za a zana su da shi.

Siffar ɓarnar ita kanta shaida ce, kuma a nan ne ya kamata a dakata. Kwamfuta ba ta san harafi ba sai da lamba, kuma a tsarin UTF-8 harafin ƙ yana cin gurbi biyu, ba ɗaya ba kamar k. Idan aka adana matani da wannan tsari, manhaja kuma ta karanta shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Turai, sai ƙ ta fito Æ™, ɗ ta fito É—, wanda yake nuna cewa rubutun yana nan da ransa, fassara lambobin ce aka kuskure, kuma bayyana tsarin a farkon matani yakan wadatar. Idan kuwa akwati aka gani, ko gurbi fayau, ko alamar # da manhajar Apache FOP take sawa, to an fahimci harafin, samfurin da aka zaɓa ne bai ƙunshi zanensa ba, maganinsa a koma ga irin su Charis ko Gentium ko Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda ake samu kyauta, ko Alkalami ga mai rubutun ajami irin hannun Kano. Mafi muni ita ce alamar tambaya da ta maye gurbin harafi a cikin matanin kansa, domin wannan ya halaka tun wajen adanawa, ba abin da zai dawo da shi sai kwafin asali.

Alamomin tsari kuma suna da nasu nahawu mai tsanani. A XML duk alamar da aka buɗe dole a rufe ta, kuma alamar & guda da aka bari tsirara ta isa ta tsayar da aiki baki ɗaya. A LaTeX alamar % tana nufin a yi watsi da sauran layin, don haka wanda ya rubuta 40% bai sa mata kariya ba zai rasa ragowar jimlarsa, ba kuwa wani gargaɗi da zai ji. Manhaja takan rubuta rahoton abin da ta gamu da shi, mutane kuma sukan firgita da tsawonsa su rufe, alhali kuskuren farko shi ne uwa, saura galibi 'ya'yansa ne, kuma layin da ta ambata shi ne inda ta farga, ta yiwu ɓarnar ta faru can sama. Idan abin ya buwaya, a raba matanin biyu a gwada kowane rabi, a sake raba wanda ya ƙi, har illar ta rasa maɓoya. Ga mai Hausa ko Fulatanci, XeTeX da Jonathan Kew ya fitar a 2004 ya fi tsohon injin TeX sauƙi, domin yana karɓar haruffanmu kai tsaye.

Abin da na fi jin zafinsa shi ne maganin gaggawa da ake yi a shagunan bugu, wato a cire ƙugiyoyin haruffa domin aiki ya wuce, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya, magabata irin su Abubakar Imam suka yi wa ƙa'idar rubutun nan hidima a zamanin da ake jera haruffan dalma, bai kuwa dace a ce mu da muke da kayan aiki a tafin hannu mu ne za mu tozarta ta ba.

Saboda haka, ya kai mai rubutu a Sunkani, kafin ka hau mota zuwa Jalingo ka tabbata ka fitar da PDF wanda samfurin haruffa yake cushe a cikinsa, ka ajiye kwafin asali a wuri dabam, kuma kada ka biya kuɗin bugu sai an fitar maka da shafi ɗaya ka karanta shi da idonka.