Ranar da Spassky ya tafa wa wanda ya cinye shi

Masu dara a bakin kasuwar Yauri sun san kowane gwani yana da ramin da hannunsa ya saba fara ajiye ɗa. Haka Bobby Fischer na Amurka yake a darar ces. In fararen 'ya'ya ne a hannunsa, kusan kullum sojan da ke gaban sarki yake fara turawa gida biyu. Kowa ya san shi da wannan, har da ƙwararrun Tarayyar Sobiyet, waɗanda kambun duniya bai bar hannunsu ba tun 1948.

A 1972 aka haɗa shi da mai riƙe da kambun, Boris Spassky, a Reykjavik, babban birnin Iceland. Fischer ya sha kaye a wasan farko, ya ƙi fitowa na biyu saboda rigimar kyamarori, aka ba Spassky. Kafin wasa na shida Fischer ya rama, sun yi kunnen doki.

Ranar 23 ga Yuli, a wasa na shida, Fischer ya miƙa hannu, ya tsallake sojan sarki, ya tura na layin c zuwa c4. Wasa ya gangara cikin buɗin da ake kira tayin sarauniya, wanda shi kansa ya sha rainawa. Spassky ya amsa da kariyar Tartakower, wato an zo masa har gida, don ita ce abin tinƙahonsa.

A motsi na 14 aka yi ɓarin. Efim Geller, mai taimaka wa Spassky, ya san wannan matsayin sarai, don an taɓa cinye shi a kansa a 1970, ya kuma gano maganin: a kai sarauniya b7. Amma Spassky ya tura soja a6. Daga nan Fischer ya riƙa matse shi sannu a hankali, babu gaggawa, har baƙaƙen 'ya'ya suka rasa inda za su motsa. A motsi na 41 Spassky ya sallama. 'Yan kallo suka ɗau tafi, shi ma ya shiga cikinsu yana tafawa, alhali Mosko na kallonsa. A ganina wannan ya fi cin wasan wuya.

Fischer ya ɗauke kambun da maki 12½ da 8½. Maganin Geller kuwa sai a 1973 aka ga aikinsa, lokacin da ya doke Jan Timman da shi a Hilversum.