Sankarar Bakin Mahaifa Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Galibin sankarar bakin mahaifa tana tsirowa ne daga ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe bakin mahaifa ta waje, sai mai bi mata wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da yauƙi a cikin mashigar mahaifa, kuma kusan kullum ƙwayar cutar HPV ce sanadi, musamman mai lamba 16 da 18. Sai dai akwai nau'o'in da ba kasafai ake cin karo da su ba, wasunsu ma ba HPV ce ke jawo su ba, shi ya sa a shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cutar gida biyu: mai alaƙa da HPV da marar alaƙa da ita.

Daga cikin waɗannan nau'o'in da ba kasafai ake cin karo da su ba akwai wadda ƙwayoyinta ke kama da na tumbi, wadda ke ɓuya can cikin mashigar mahaifa, ta yadda ungozoma a gari irin Madarunfa za ta iya shafa ruwan tsami na gwaji ta ga bakin mahaifa sumul, gwajin HPV ma ya fito ba komai, alhali matar tana fama da zubar ruwa mai yawa. Akwai kuma mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke bin jini ta bazu cikin gaggawa, don haka tiyata kaɗai ba ta wadatarwa, sai an haɗa da allurar kashe ƙwayoyin sankara tun da wuri.

Abin da ke bambance su shi ne gwajin tsoka: likita ya gutsuro ɗan nama, a jiƙa shi nan take a ruwan fomalin don kada ya lalace, a yanka shi siriri, a rina, sannan ƙwararre ya duba da madubin likita, wani lokaci da rini na musamman irin p16. Ga matar da aka tura daga asibitin Madarunfa zuwa Maraɗi, wannan matakin ne ke fayyace ko za ta nufi Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, inda aka fara gashin sankara da haske a 2021.

Saboda haka duk matar da ke ganin jini bayan saduwa ko bayan daina haila, ko zubar ruwan da ya ƙi tsayawa, ta koma asibiti ko da gwajin farko ya nuna lafiya lau.