Daga Gwiwa Zuwa Ɗakin Lacca: Ɗan Talaka Tsakanin 'Ya'yan Manya a Jami'a

A makon komawa makaranta, wanda ya tsaya a tashar mota ta Kazaure zai gane ɗalibi tun bai buɗe baki ba. Kayansa ne ke tona shi: jakar bakko ta cika ta batse, ga ƙullin garin kwaki, ga ƙuli-ƙuli da yaji, ga galan ɗin man gyaɗa an toshe bakinsa da leda, wani lokacin har da ɗan risho a ɗaure a gefe. Wani tun da asuba ya taso daga Gwiwa, wani daga Roni. Motar za ta bi ta Dambatta ta faɗa Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Da ya sauka a ƙofar Jami'ar Bayero, zai iske sa'ansa direba ya sauke shi, da kwamfuta a jakar goyo da wayar da kuɗinta ya fi abin da gonar gidansu ke bayarwa a damina guda. Aji ɗaya za su zauna, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya.

Jami'ar gwamnati na cikin wurare ƙalilan a Arewa da ɗan manomi da ɗan kwamishina ke zama benci ɗaya. A firamare da sakandare tuni an raba hanya: masu hali suna makarantun kuɗi na Kano da Kaduna da Abuja, 'ya'yan talakawa suna makarantun jeka-ka-dawo na garuruwansu. Jami'a ce ke sake haɗa su, kuma a haɗuwar ne yaro ke fara jin nauyin wani abin da a ƙauyensu bai taɓa damunsa ba, tunda a can kowa irinsa ne.

Abin da ido ke fara gani kuɗi ne, kuma lissafin ya ƙara tsauri daga 2023. Ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi sahu. A shekarar ce kuma jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. A Jami'ar Bayero ya ninka har fiye da haka, a wasu kwasa-kwasan fannin lafiya ya haura naira dubu 200 ga sabon ɗalibi. Ga gidan da dogaronsa gero da dawa da ɗan riɗi ko zoɓo, wannan na nufin akuya ko tunkiya ta tafi kasuwa, ko a sayar da hatsi da kaka lokacin da yake araha. Rajista kuwa ba ta jiran farashi ya tashi.

Ɗalibai suna da lissafinsu na cin abinci da suke faɗa cikin raha: sifiri, ɗaya, sifiri. Ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka. Mai ɗan hali ya yi ɗaya, sifiri, ɗaya. Garau-garau da ɗanwake da jiƙa gari su ne 'yan rufin asiri. Wanda bai samu gado a hostel ba ya laɓe a ɗakin ɗan garinsu, katifa ɗaya mutum biyu. Da yawansu kuma suna neman na kansu: wani na zaman shagon POS da yamma, wani guga yake yi wa abokan karatunsa, wani ɗinkin hula, wani sayar da data, wata kuma kitso da lalle a ɗakin 'yan mata. Wannan ba abin kunya ba ne a ƙasar Hausa, inda sana'a take da daraja. Sai dai awannin da ake ba sana'ar daga lokacin karatu ake yanko su, wanda ake turo wa kuɗi duk ƙarshen wata kuwa ba ya biyan wannan haraji.

Duk da haka, waɗanda suka ratsa wannan hanya sukan ce yunwa ba ita ce ta fi ciwo ba, domin ɗan ƙauye ya san yadda ake lallaɓa ciki. Abin da ya fi cin rai shi ne a ranar farko malami ya yi tambaya, ka san amsar sarai, amma tsoron kada Turancinka ya karye aji ya fashe da dariya ya sa ka yi gum. A makarantu da yawa na karkara, littafi na Turanci ne amma bayani da Hausa ake yi, yaro na iya cin jarrabawa a rubuce alhali bai taɓa yin hirar minti biyar da Turanci ba. Kwamfuta ma haka. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma akwai yaran da ranar jarrabawar ce karon farko da suka ɗora hannu kan linzaminta. Irin wannan yaro ne za a ce wa a makon farko ya shiga intanet ya yi rajistar kwasa-kwasai, ya buga aikin gida, ya tura ta imel.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Anthony Abraham Jack, wanda shi kansa gidan marasa hali ya fito, ya yi nazarin wannan lamari a littafin da ya wallafa a 2019 kan 'ya'yan talakawa a manyan jami'o'in ƙasarsu. Ya lura cewa su ma kashi biyu ne. Akwai waɗanda tun a sakandare suka samu gurbin karatu a makarantun 'ya'yan masu kuɗi, suka saba da yanayin, suka iya magana da malamai. Akwai kuma waɗanda suka fito kai tsaye daga makarantar unguwarsu. Aljihunsu ɗaya, amma na biyun su ne ke shan wuya ninki biyu. Ya kawo misalin lokacin da malami ke warewa a ofishinsa don ɗalibai su je da tambayoyinsu: ɗan gata ya san hakkinsa ne, ɗan talaka kuwa bai ma san da shi ake ba.

Duk wanda ya san tarbiyyar ƙasar Hausa zai ga yadda wannan ya zauna daidai a nan, har ya fi. Yaron da ya tashi a Roni an koya masa ya rusuna in ya ga babba, kada ya haɗa ido da malami, kada ya yi magana sai an tambaye shi. Ladabi ne mai kyau, amma a jami'a yakan hana shi ƙwanƙwasa ƙofar malami ya ce "Malam, ban gane ba," ko ya bi sawun sakamakon da aka yi kuskuren shigarwa. Ɗan farfesa ko ɗan babban sakatare ya girma yana ganin irin waɗannan mutane a falon gidansu, suna shan shayi da babansa. Ya san wane kwas ne ke da kasuwa, ya san inda ake neman tallafin karatu, ya san wanda zai kira idan lokacin neman wurin koyon aiki ya yi. Ba a koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan a aji, ba a kuma rubuta su a allon sanarwa.

Kashin farko na Jack ma akwai shi a wannan yanki. A 1977, lokacin Kazaure da Babura suna cikin tsohuwar jihar Kano, gwamnati ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda jarrabawa ke shigar da yaro, ba sunan mahaifinsa ba. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa ta nan suka bi. Bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991 jihar ta ci gaba da tsarin da nata makarantun kimiyya. A cikin garin Kazaure kuma akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, inda yarinyar yankin da ta samu shiga za ta yi shekara shida tana kwana ɗaki ɗaya da 'yan matan da ba sa jin Hausa. Wadda ta fito daga nan, ko mahaifinta lebura ne, ba ta shiga jami'a da ɗari-ɗari. Tazarar da ke tsakaninta da maƙwabciyarta da ta yi jeka-ka-dawo ta kusa kai wadda ke tsakaninta da 'yar attajiri.

Labarin ma ya girmi jami'o'in kansu. Kwalejin Katsina da Turawa suka buɗe a farkon shekarun 1920 ta cika da 'ya'yan sarakuna da hakimai da alƙalai, irin su Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A cikinsu kuwa akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa hidima yake yi a gidan hakimin Lere a ƙasar Bauchi. Shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma iya Turancinsa ne ya fara fito da shi.

A ɓangaren 'yan mata matsin ya fi fitowa a sutura. Ankon bikin ƙawa, ankon walimar kammala karatu, sabuwar abaya, gudummawar zagayowar ranar haihuwa: kowanne da kuɗinsa, kuma wadda ta ce ba ta da shi sau biyu, a karo na uku ba za a gaya mata ba. Wasu sukan janye jiki su zama daga aji sai ɗaki, a ce musu masu girman kai alhali aljihu ne ya yi musu iyaka. Samari kuma akwai masu ɓoye asalinsu, a tambayi mutum garinsu ya ce Kano, don gudun a kira shi baƙauye. Su ma 'ya'yan manyan, gaskiya, yawancinsu ba da mugunta suke yi ba. Wanda ya ce "mu je mu ci shawarma" bai san kuɗin abincin abokinsa na kwana uku ya ambata ba.

Yajin aiki kuwa shi ne ke fallasa bambancin tsirara. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wasu iyayen masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa jami'o'in kuɗi irin su Skyline da ta Maryam Abacha a Kano, ko ƙasashen waje. Ɗan Gwiwa ya koma gida ya ɗauki fartanya. Ya yi shuka, ya yi noma da maimai, sai da gero ya isa girbi aka kira shi aji, ga kuɗin hayar ɗakin da bai kwana a ciki ba ya ƙone.

Me ke riƙe su? Galibi 'yan uwansu ɗalibai. Ƙungiyoyin ɗaliban gari da na masarauta da na jiha, waɗanda wasu ke yi wa kallon wurin siyasar yara, su ne ke tarar sabon shiga su nuna masa ofishin rajista, su sama masa wurin kwana, su ba shi tsofaffin takardun jarrabawa. Masallacin makaranta da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSSN, su ma suna wannan aiki, da darussan bita kyauta da buɗa-baki da azumi. Akwai kuma wata kasuwa da ba a faɗa: gab da jarrabawa, ɗan ƙauyen da ya iya lissafi shi ne sarki. A kewaye shi a aji har asuba yana warware tambayoyi, wanda ke da kwamfuta ya ara masa, wanda ke da mota ya rage masa hanya. Abota ta gaskiya takan tsiro daga nan, wani lokacin kuma da an fito jarrabawa sai gaisuwa daga nesa.

Abubuwa biyu sun ɗan sauya lissafin. Na farko, makarantu sun matso kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda jihar ta kafa a 1991, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 2007. A garin akwai cibiyar koyon fasahar sadarwa da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013, sannan a 2021 aka amince da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Yaron da zai iya zuwa gida ranar Juma'a ya ɗebo hatsi ya rage rabin damuwarsa, mahaifin da ke tsoron tura 'yarsa nesa ma ya samu sauƙin amincewa. Sai dai kusancin na da nasa tarko: yaro mai ƙoƙarin da ya cancanci karatun likita ko lauya yakan haƙura da difloma don ita ce a bakin ƙofa, alhali har yau masu ɗaukar aiki suna fifita digiri a kan babbar difloma.

Na biyu shi ne asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, da aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya ba ɗalibi naira dubu 20 duk wata, babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye masu gudun riba, kuma biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Dubu ashirin ba ta sayen anko, amma tana mayar da sifiri, ɗaya, sifiri zuwa ɗaya, sifiri, ɗaya. Nemansa ma sai wanda ya san hanya: lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, asusun banki, da wayar da za ta iya buɗe shafin.

In hutu ya zo, baƙuntar takan juya. A majalisar ƙofar gida abokan da suka yi aure suka ajiye 'ya'ya suna tsokanarsa da "ɗan boko", in kalmar Turanci ta kuɓuce masa a yi ta maimaita ta har dare. Maƙwabta na kawo masa takardar asibiti ya karanta, wayar da ta ƙi aiki ya duba. Tsofaffi kuma tambayarsu ɗaya ce, "To, yaushe za a gama?" Da yamma sai ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta masu shirin JAMB su zagaye shi a kan tabarma. Ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi yana nuna musu yadda tambayoyin ke fitowa da inda ake latsawa, ya gaya wa wannan ya sa Babura a zaɓin farko, ya gargaɗi waccan ta tabbatar sunanta na NIN ya yi daidai da na takardar makaranta tun kafin a buɗe sayar da fom.