Janareta marar shan mai: abin da famfon keke zai gaya maka kafin ka tura kuɗi

Idan kana yawan zagaye a TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani ya haɗa batir da ƙaramin inji da dinamo da bel, ya kunna ƙwai biyu da fanka, sannan ya ce ga janareta da ba ya shan fetur, shi ke yi wa kansa caji har abada. Da tsadar mai da rashin wutar nan, wa zai ƙi? To kafin ka nemi lambar asusunsa, ba ni minti biyar mu leƙa wani darasi na fiziks da ake kira tamodainamiks, wato ilimin zafi da aiki da makamashi. Kada sunan ya tsorata ka, lissafin banki ne kawai.

Ka ɗauka kowane abu, iska ce ko ruwa ko ƙarfe, yana da asusu. Abin da ke cikin asusun shi ne makamashin cikinsa, wato motsi da kai-komon ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa shi. Hanya biyu ce kuɗi ke shiga ko fita: zafi da aiki. Zafi shi ne idan makamashi ya ratsa daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, kamar tukunya a kan wuta. Aiki kuwa shi ne idan an tura, an matsa, ko an juya abu da ƙarfi. Dokar farko ta wannan ilimi cewa ta yi: canjin da aka samu a asusun daidai yake da abin da ya shigo a cire abin da ya fita. Babu alat na bogi.

Ga inda ɗalibai suka fi rikicewa. In ka duba balans ɗinka ka ga dubu goma, za ka iya nuna wace naira ce ta zo ta transfa, wace ce aka saka a wurin mai POS? Ba za ka iya ba. Balans bai damu da hanya ba, halin da asusun yake ciki yanzu kawai yake nunawa. Irin wannan adadi masana ke kira ma'aunin hali: makamashin ciki, matsi, girma, da yawan digirin da abu ke kai. Amma zafi da aiki ba balans ba ne, shige da fice ne, kuma yawansu ya dogara da hanyar da aka bi. Shi ya sa malamin fiziks zai gyara maka in ka ce "akwai zafi a ajiye a cikin ƙarfen nan". Abin da ke ajiye makamashi ne.

Wanda ya tabbatar da haka da gwaji shi ne James Joule, Bature ɗan Ingila, a shekarun 1840. Ya sa nauyi yana gangarowa yana juya filafilai a cikin ruwa, babu wuta ko kaɗan, sai ga ruwan ya ƙara ɗumi. Ya auna ya sake aunawa. A lissafin yau, jul 4.2 ne ke ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, ko da wuta ka ba shi ko da juyi. Ruwan bai san bambanci ba. A 1850 Bajamushe Rudolf Clausius ya tsara dokar a rubuce.

Yanzu je ka ɗauki famfon keke ka buga da sauri sau talatin, ka taɓa ƙasansa. Zafi rau, ko? Gogayya ta taimaka, amma babban dalilin shi ne ka matse iska da ƙarfin hannunka, aikin ya shiga asusunta, kuma saurin ya hana zafi samun lokacin fita. Duk canjin da ya faru ba tare da zafi ya shiga ko ya fita ba, sunansa adiyabatik. A nan hanya ɗaya ce a buɗe, don haka duk aikin da ka yi ya zama ƙarin makamashin ciki.

Wannan ba wasan yara ba ne. Injin dizal da Rudolf Diesel ya samu nasarar tayarwa a 1897 ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska ta koma kusan kashi ɗaya cikin 15 zuwa 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. Yawancin tirelolin da kake gani a hanya da wannan suke tafiya. In aka juya abin kuma, iskar da ta buɗe ita ce ke yin aikin, sai asusunta ya ragu ta yi sanyi. Busasshiyar iska mai hawa sama tana rasa kusan digiri 10 a kowace kilomita, kuma hakan na daga dalilan da suka sa Jos, mai tudun kusan mita 1,200, ta fi Kano sanyi.

Da wannan lissafin za ka iya warware shawarar nan ta buɗe ƙofar firji don ɗaki ya yi sanyi. Firji ba ya kashe zafi, kwasowa yake daga ciki ya zubar ta baya, har da ƙarin na wutar da kwamfuresa ta sha. Ɗakin sai dai ya ƙara ɗumi, mita kuma tana gudu.

Haka janaretan. Batir na juya inji, inji na juya dinamo, dinamo na mayar wa batir. A kowane zagaye wani kaso na zubewa a matsayin zafi a waya da bel, ga ƙwai da fanka suna cira, kuma babu mai sakawa. Balans ƙasa kawai zai yi. Bidiyon minti biyu ba zai nuna maka lokacin da batirin ya mutu ba, ballantana wayar da aka ɓoye a ƙarƙashin tebur. Dabarar ma tsohuwa ce: tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke cewa ta daina duba injinan da ake cewa suna motsi har abada.

In mai sayarwa ya dage, ka ce ya jona masa dutsen guga a gabanka, a fili tsakar gida inda babu soket, daga safe zuwa la'asar. Kai kuma ka riƙa taɓa jikin injin. Ɗumin da za ka ji a tafin hannunka cajin batirin ne ke fita.