Samun Izinin Zama a Amurka ta Hanyar Zuba Jari

A shekarar 1990 ne majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro wani nau'in biza da ake kira EB-5. Manufarsa ita ce baƙon da ya kawo dukiyarsa ya samar wa ƴan ƙasa aikin yi, a ba shi izinin zama na dindindin, wato abin da ake kira koren kati. Izinin ya haɗa da matarsa da ƴaƴansa marasa aure waɗanda ba su kai shekara 21 ba.

Da farko jarin da ake nema dala miliyan ɗaya ne, ko rabin haka in za a zuba shi a karkara ko inda rashin aikin yi ya yi katutu. Dokar 2022 ta ɗaga shi zuwa dala 1,050,000 da dala 800,000. Amma kuɗi kawai ba su wadatar. Dole mai nema ya nuna takardun da suka tabbatar da cewa ta halal ya sami dukiyar, kuma jarin ya samar da aƙalla guraben aiki 10 na cikakken lokaci. Katin farko na wucin gadi ne, na shekara biyu. Sai an ga ayyukan sun samu sannan a cire sharaɗin.

Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne, doka ta hana a yi wa mai jari alƙawarin mayar masa da kuɗinsa. Wajibi ne jarin ya zama mai iya riba ko asara. Yawancin masu nema ba su buɗe kamfanin kansu, sukan danƙa kuɗin ga wasu cibiyoyi masu gina otal ko gidaje, nan kuwa ake samun matsala. A 2016 hukuma ta bankaɗo zamba a wurin shaƙatawa na Jay Peak da ke jihar Vermont, inda aka karkatar da kimanin dala miliyan 200 na baƙi.

Ga kuma jira. Bizar kusan 10,000 ce a shekara, har da iyalai, kuma kowace ƙasa tana da iyakar kasonta, shi ya sa ƴan Sin suke shafe shekaru a layi. Kanada ta soke irin wannan shiri nata na tarayya a 2014, Birtaniya ma ta rufe nata a 2022.